Tankin sanyi da tsadar wuta: yadda ƙungiyoyin makiyaya za su rage kashe kuɗi ba tare da madara ta lalace ba

Madara tana fitowa daga hantsar saniya da ɗumin da ya kai digiri 35 zuwa 37. In aka bar ta haka, cikin awoyi kaɗan ƙwayoyin cuta sun yi gida a cikinta, domin a irin wannan ɗumi suna ninka kansu kusan kowane rabin awa. Shi ya sa ƙa'idar aikin madara ta ce a sauko da ita zuwa digiri 4 cikin awa 2 zuwa 3 bayan tatsa. Wannan aiki shi ne na tankin sanyi, wanda ya zama ginshiƙin kowace cibiyar tattara madara, tun daga irin su Hamdallaye da Kollo da ke kai madara kamfanonin Yamai kamar Solani, har zuwa ƙananan gidajen sarrafa madara na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Tankin ya buɗe wa makiyaya ƙofar kasuwa, amma yana da ciki. Kowace safiya sai ya ci wuta ko gazuwal, kowane wata sai takardar kuɗin wuta ta zo, wani lokaci kuma ya tsaya cak ana tsakiyar karɓar madara. Duk dalar da ta tafi a nan daga kuɗin lita ake cire ta, wato daga aljihun matar da ta tatsa da makiyayin da ya yi kiwo. Abin farin cikin shi ne, mafi yawan abin da ke sa tankin cin kuɗi yana hannun ƙungiya, kuma gyaransa bai kai tsadar sayen sabon inji ba.

Abin da injin yake yi

Mutane sukan ce injin yana "yin sanyi". A gaskiya aikinsa kwasar zafi ne: yana ɗebe zafin da ke cikin madara ya zubar da shi waje. Gas ɗin da ke zagaye cikin bututu shi ne ke ɗaukar kayan. A ƙarƙashin tanki yana tsotse zafin madara, sai kwampireso ya matsa shi ya tura shi zuwa wata raga mai kama da lagireton mota, inda fanka ke hura iska ta kwashe zafin. A cikin tankin kuma akwai maburgi mai juya madara a hankali don sanyin ya game ko'ina.

Idan an gane haka, lissafin ya yi sauƙi. Abu uku ne ke ƙayyade yawan wutar da injin zai sha: yawan zafin da aka zuba masa, sauƙin da yake samu wajen zubar da zafin, da kuma tsawon lokacin da yake aiki a banza. Sauko da lita 500 daga digiri 35 zuwa 4 yana nufin kwashe zafin da ya kai kimanin kilowat 17, irin kilowat ɗin da kwanter ke ƙirgawa. Lafiyayyen inji yana kwashe wannan da wutar kilowat 7 ko kusa da haka, saboda kowane kilowat ɗaya da ya sha yana ture zafi ninki biyu da rabi. Injin da ƙura ta toshe, ko wanda aka kulle a ɗaki mai zafi, yana iya shan ƙarin kashi ɗaya cikin uku a kan wannan aikin.

A yi lissafi a kan lita

Yawancin ƙungiyoyi suna duba jimillar kuɗin wata ne kawai. Wanda ya fi faɗin gaskiya shi ne lissafin abin da sanyaya lita ɗaya ya ci. Ga misali da lambobi masu sauƙi, kowace ƙungiya ta sa nata a gurbinsu.

Mu ce tankin lita 500 ya cika, kuma da wutar Nigelec aka yi aiki. Sanyayawa da juyawar maburgi da riƙe sanyin har mota ta zo sun sha kilowat 10. In aka ɗauki kilowat a sefa 100, jika 1 ke nan a rana, wato sefa 2 a kowace lita. Ranar da wuta ta ɗauke aka tada gurup na awa 3, yana shan lita 2 a awa, gazuwal lita 6 ya tafi. A sefa 650 kowace lita, an kashe sefa 3,900, kusan sefa 8 a kan litar madara. To, a bazara fa, da madarar da ke zuwa ba ta wuce lita 100 ba? Gurup ɗin bai san tanki bai cika ba. Ko awa ɗaya da rabi ya yi, ya sha lita 3, wato sefa 1,950. Kowace lita ta ɗauki kusan sefa 20, dala 4 ke nan, kafin a yi maganar albashin mai kula da cibiya, sabulu, ruwa da gyara.

Nan ne matsalarmu take a wannan ƙasa. Damina da kaka madara na ambaliya, iska kuma da dama-dama. Watannin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ciyawa ta ƙare, shanu sun rage nono, wuta tana yawan ɗaukewa, injin kuma yana aiki cikin mafi munin yanayi. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, sa'adda aka katse wutar da ke shigowa daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi da na Katsina. Ƙungiyar da ba ta san kuɗin litarta a kowane lokaci na shekara ba, ribar damina ce za ta riƙa biyan asarar bazara ba tare da kowa ya lura ba.

Ƙura da iska

In za a zaɓi aiki guda ɗaya da ya fi saurin rage kuɗin wuta, to share ragar fitar da zafi ne. Ƙurar hunturu, gashin bisashe, ɓurɓushin dusa da saƙar gizo suna toshe ƙananan ramukanta, iska ta kasa ratsawa, gas ya kasa hucewa, kwampireso ya riƙa nishi. Masu aikin sanyi suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi: duk digiri ɗaya da zafin ragar ya ƙaru, wutar da injin ke sha tana ƙaruwa da kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Ragar da ta ɗara ƙa'ida da digiri 10 ta ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan takardar wuta, kuma tana gajarta ran kwampireso, wanda shi ne ɓangare mafi tsada a injin.

Sharar ba ta da wuya. A kashe injin, a cire shi daga wuta, a bi ragar da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, yadda layukanta suka tafi. Kada a yi amfani da wuƙa ko waya, domin siraran fukafukan nan suna lanƙwashewa, bututun kuma yana iya hujewa. Lokacin hunturu a yi kowane mako, sauran lokuta sau biyu a wata ya isa. Hanyar gwaji: a haska tocila ta baya, in hasken bai ratso ba, iska ma ba ta ratsawa.

Wurin da aka ajiye injin shi ma lissafi ne. Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane. An sha ganin cibiyar da aka dasa tanki da injinsa a ɗaki ɗaya mai rufin kwano, ba sili, taga ɗaya, kuma a rufe saboda tsoron ɓarayi. Zafin da injin ya fitar yana dawowa ya sake shaƙarsa, ɗakin ya zama tanderu. Abin da ya dace shi ne ragar ta samu iskar waje: ko a fitar da ita ƙarƙashin rumfa a gefen arewa inda rana ba ta daɗewa, a kewaye ta da kejin ƙarfe, ko a buɗe mata taga biyu, ɗaya ta shigar iska ɗaya ta fita. A bar aƙalla rabin mita tsakaninta da bango, kada a jingina buhunan dusa ko bido a gabanta. Shafa wa kwano farin fenti, sa sili ko shimfiɗa zana a saman rufi, da dasa bedi a gefen yamma, duk suna rage zafin ɗaki. Gurup kuma a nisanta shi, kada hayaƙinsa da zafinsa su bi iska su shiga ragar.

Tanadin yana farawa daga rugga

Makiyayi na iya zaton kuɗin wuta matsalar shugabannin ƙungiya ce. Amma zafin da tankin zai yi fama da shi, daga rugga yake tasowa. Madarar da aka tatsa da asuba ta iso cibiya ƙarfe 8 ta sha bamban da wadda ta yi awa 3 a bayan moto cikin baƙin bido, rana na dukanta. Ta biyun ta iso da zafi, ƙwayoyin cuta sun riga sun yawaita, kuma sanyi ba ya gyara madarar da ta fara juyawa. Abin da yake yi kawai shi ne tsayar da ita a halin da ta iso.

Bayan tatsa a tace madara da tsabtataccen ƙyalle, a rufe, a ajiye a inuwa. Masu tattarawa su naɗe bido da jiƙaƙƙen buhun algarara. Yadda tulu ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo, haka buhun ke yi, iskar tafiya kuma tana taimakonsa. Wannan dabara ta fi aiki a bazara da hunturu da iska ke bushe, a damina ƙarfinta yana raguwa. Bido na alminiyom ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai faɗin baki, ya fi na roba: yana wankuwa sosai, yana kuma sakin zafi da sauri.

A cibiya, ana iya gina ɗan kwami a inuwa a tsoma bido a ciki kafin a juye. Ruwan rijiya ko na famfo a nan yakan kai digiri 28 zuwa 30, saboda haka ba zai yi abin al'ajabi ba. Amma sauko da madara daga 35 zuwa 30 ya ɗauke wa injin digiri 5 daga cikin 31, kusan kashi ɗaya cikin shida na aikinsa, ruwan kuma a shayar da bisashe ko itatuwa da shi. Sharaɗi ɗaya ne: ruwan ya tsaya a wajen bido. Ba a zuba ruwa ko ƙanƙara cikin madara da sunan sanyayawa.

Haka nan gwajin bakin ƙofa yana cikin tanadi. Gwajin alkol yana nuna madarar da ta fara tsami, ma'aunin kauri yana tona wadda aka yi wa ƙarin ruwa. Madarar saniya mai ciwon hantsa, ko wadda ake yi wa allurar maganin ƙwayoyin cuta kuma kwanakin jiranta ba su cika ba, kada ta shiga tanki. Bido ɗaya na iya sa kamfani ya ƙi karɓar lita 500, a yi asarar madarar mutane da wutar da aka ƙona a kanta. Mai karɓa ya yi haƙuri ya mayar da bido ɗaya, ko da na ɗan uwansa ne.

Lokacin karɓa da yawan abin da ke cikin tanki

Ƙungiya ta tsayar da lokacin karɓar madara, kowa ya sani, a kuma riƙe shi. Amfanin biyu ne. Iskar safe ta fi ta azahar sanyi da digiri 10 ko fiye a bazara, don haka injin yana gama aikinsa da ƙarancin wuta. Sa'annan in da gurup ake aiki, tada shi sau ɗaya na awa 3 ya fi tada shi sau huɗu saboda masu zuwa ɗai-ɗai. Duk lokacin da aka zuba madara mai ɗumi a kan mai sanyi, zafin tankin yana hawa, kuma bai kamata gaurayen ya haura digiri 10 ba.

Kada a kunna sanyi tanki babu kome, ko madarar ba ta rufe ƙasansa ba. Yawancin tankuna suna son aƙalla kashi ɗaya cikin goma na cikinsu, yadda maburgi zai taɓa madarar. Ƙasa da haka sai ta daskare a gindin tanki, ƙanƙarar ta tare hanyar sanyi, madarar kuma ta canza. A lokacin ƙarancin madara, gara a jera ƙananan bido a cikin ruwan ƙanƙara a firigo mai murfin sama, a bar babban tanki ya huta. Cibiyoyi biyu da ke kusa da juna suna iya haɗa madararsu a tanki ɗaya na watannin bazara su raba kuɗin. Ƙungiyar da za ta sayi sabo kuma ta yi tunani: ƙananan tankuna biyu sun fi dacewa da hawa da saukar madararmu a kan babba guda.

Ma'aunin sanyin injin a tsayar da shi a digiri 4. Wasu sukan sauke shi zuwa 1 ko 2 suna ganin sun ƙara kariya, alhali kowane digiri na ƙasa ƙarin wuta ne da haɗarin daskarewa. Amma kada a yarda da lambar da ke jikin injin kawai. A samu ma'aunin zafi na hannu, a riƙa tsoma shi a tsabtace a kwatanta. Murfin tanki ya zauna a rufe sai lokacin zubawa.

Gurup da wutar gari

Gurup mai gazuwal da ke ɗauke da kaya daidai ƙarfinsa yana ba da kilowat kusan 3 a kowace lita. In kayan sun yi masa kaɗan, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, yana shan mai ba tare da aikin a zo a gani ba, baƙin hayaƙi kuma ya taru a cikinsa. Amma ƙarami ma ba ya yi, domin lokacin tashi kwampireso yana jan wuta ninki 5 ko 6 na abin da yake sha in ya daidaita. Saboda haka a fara tada injin sanyi shi kaɗai, in ya zauna sai a ɗora sauran kaya. Awoyin da gurup ke aiki a haɗa duk ayyukan da ke son wuta a cikinsu: tura ruwa sama, niƙan abincin bisashe, cajin waya da batir. A sauya man inji bisa awoyin da takardarsa ta faɗa, galibi 200 zuwa 250, a riƙa kakkaɓe matatar iska.

Wutar gari ta fi arha, sai dai tana da halinta. Wuta mai rauni tana ƙona kwampireso fiye da ɗaukewarta gaba ɗaya, domin yana ta yunƙurin tashi yana zafi. Na'urar kariya da ke yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, kuɗinta bai kai kashi kaɗan na sabon kwampireso ba. In wuta ta ɗauke ta dawo, a jira minti 5 kafin a kunna. Wayoyin da suka yi siriri ko suka saki a mahaɗa suna zafi suna cin wuta, su ma a sa mai aikin wuta ya duba su.

Gas ba ya ƙarewa

Akwai maganar da ke cin kuɗin ƙungiyoyi da yawa: "gas ya ƙare, a ƙara." Gas ɗin injin sanyi ba mai ba ne, zagaye yake yi a rufaffen bututu. In ya ragu, akwai inda yake yoyo. Mai gyaran da ya ƙara gas bai nemi ramin ya toshe ba, zai dawo bayan wata biyu a sake biyansa. Alamomin yoyo su ne injin ya daɗe yana aiki madara ba ta sauka, ko a ga danshin mai a mahaɗar bututu. A nemi mai gyara ya nuna ramin, ya liƙe, ya gwada, sa'annan ya zuba irin gas ɗin da aka rubuta a jikin injin. Ba a gauraya iri biyu. Wasu sababbin firigo suna aiki da R600a ko R290, masu ƙarancin shan wuta amma masu kamawa da wuta, don haka sai wanda ya san su zai taɓa su.

Masu niyyar sayen tsohon tanki na hannu su duba irin gas ɗinsa. Na R22 ana kan janye shi daga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal, kuma ƙasashe irin namu za su daina shigo da shi nan da 2030, ma'ana zai riƙa tsada yana wuyar samu. Araha ba ta ado.

Ga masu firigo da ɗakin sanyi na ajiye kindirmo da yawur, robar bakin ƙofa ita ce mai gadi. A sa takarda a rufe ƙofa a kanta, in ta zare ba tare da ja ba, robar ta mutu. Ƙanƙarar da ta kai kaurin rabin santimita a bango a narkar da ita, ba da wuƙa ba. Firigo mai murfin sama ya fi mai tsaye riƙe sanyi, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, in aka buɗe ƙofar tsaye sai ta zubo ƙasa.

Hasken rana da taskar ƙanƙara

Allah Ya hore mana rana. Kowane murabba'in mita a Nijar yana samun hasken da ya kai kilowat 5 zuwa 7 a yini, shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke sha'awar pano. Shawara ce mai kyau, amma a bi ta da tsari. Duk gyaran da aka lissafa a sama a fara yin su, domin injin da ke shan kilowat 10 yana bukatar pano da batir kaɗan a kan wanda ke shan 14.

Rauni mafi girma a tsarin hasken rana shi ne batir. Batir mai ruwan asid ana auna ransa ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba ran nan biyu. A ɗakin da ke kai digiri 40, batir ɗin da aka ce zai yi shekara 5 ba zai kai rabin haka ba. Shi ya sa wasu tsare-tsare ke ajiye sanyin a ƙanƙara maimakon ajiye wuta a batir. Da rana pano na tuƙa injin ya daskarar da ruwa a wata taska mai kauri, da safe ko da yamma a zagaya da ruwan ƙanƙarar ya sanyaya madara. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana sauko da madara kusan lita 2 da rabi daga digiri 35 zuwa 4, wato lita 500 na son kimanin kilo 200. Ƙanƙara ba ta tsufa kamar batir, kuma tana dacewa da mu, tunda madarar safe tana isowa kafin rana ta yi ƙarfi.

Pano ma yana son wanka. Ƙurar mako biyu ta hunturu tana rage ƙarfinsa sosai. A goge shi da ruwa da ƙyalle mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, a sare reshen da ke yi masa inuwa. Ruwan zafi na wanke tanki da bido kuma, tukunyar ɗumama ruwa da hasken rana ta wadatar, ba sai an ƙona wuta ko itace ba. Kafin a sa hannu da mai kawo kaya, a tambaye shi wa zai gyara in ya lalace, a wane gari yake, kuma ina ake samun kayan sauyi.

Firigon allurai: inda ba a tsumulmula

Cibiyoyi da yawa suna ajiye allurar rigakafi ta mataimakan likitan dabbobi, irin waɗanda Labocel ke haɗawa a Yamai. A nan tanadi yana da iyaka. Allurai suna son digiri 2 zuwa 8 dare da rana. Kashe firigo da dare don rage kuɗin wuta yana kashe allurar, kuma ba a ganin alama a jikin kwalba. Za a yi wa garke allura, a biya kuɗi, makiyayi ya tafi da natsuwa, ciwon huhu ko annobar awaki da tumaki ta PPR ta zo ta tarar da bisashen ba su da kariya. Asarar saniya ɗaya ta fi kuɗin wutar firigo na shekara.

Allurai busassu, irin na PPR da ciwon huhu, suna jure daskarewa, amma da zarar an haɗa su da ruwansu a yi amfani da su cikin awa 2, a inuwa, a kan ƙanƙara. Na ruwa kuwa, irin na harbin daji, daskarewa tana ɓata su, saboda haka kada a manna su da bangon firigo ko da ƙanƙara. Tanadin da ya halatta shi ne: a rage buɗe ƙofa, a cika gurbin da babu kome da gorunan ruwa don su riƙe sanyi in wuta ta ɗauke, a sa ma'aunin zafi a ciki a rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Lemu, nama da ƙanƙarar sayarwa ba su da wuri a wannan firigo, ko da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Firigon hasken rana marar batir, irin wanda ake gani a gidajen likita na karkara, shi ya fi dacewa da wannan aiki.

Littafi da asusu

Duk wannan ba zai ɗore ba sai an damƙa shi a hannun mutum ɗaya da aka sani, aka kuma ba shi littafi. Kowace rana ya rubuta abu biyar: litar da aka karɓa, lambar kwanter, gazuwal da aka zuba, lokacin da aka kunna injin, da lokacin da madara ta kai digiri 4. Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunin lafiyar injin. In lita 300 da ke sauka cikin awa 2 ta fara ɗaukar awa 3, akwai abin da ke faruwa: ko ƙura, ko yoyon gas, ko fanka ta gaji. Kiran mai gyara a wannan rana ya fi kiransa ranar da tanki ya tsaya da madarar gidaje 60 a ciki.

A ƙarshen wata a raba kuɗin wuta da mai da yawan lita, a karanta sakamakon a gaban taron ƙungiya, maza da mata, domin matan da ke tatsa su ne suka fi jin canjin farashi. A kuma ware wani abu a kan kowace lita, ko dala ɗaya ce, a zuba a asusun gyara da ba a taɓawa don wata bukata. Cibiyar da ke karɓar lita 300 a rana, dala ɗaya a kan lita ta tara mata jika 45 a wata. Masu ba da tallafi sukan kawo tanki su kafa su tafi, sauya kwampireso ko batir bayan shekaru kuwa yana wuyan ƙungiya.

Kafin zafin bana ya kankama, kowace ƙungiya ta zaɓi rana ɗaya: a share raga, a buɗe wa injin iska, a gwada robar ƙofa, a kwatanta ma'aunin sanyi, a sayi littafi, a tsayar da lokacin karɓa. Ma'aikatan kiwo na gundumarku da likitocin dabbobi masu zaman kansu da ke kusa da ku za su iya taimakawa wajen duba firigon allurai da koyar da gwajin madara. Allah Ya albarkaci garke, Ya ba mu damina mai albarka.